Amsa: yaya ƙanƙara take faɗowa cikin wannan zafi na Tawa?

Ɗan'uwa, ka ce ƙanƙara ta zubo a unguwarku jiya bayan la'asar, alhali da azahar zafi ya wuce digiri 40, ina ta fito?

Ai zafin ne ya haife ta. Ƙasa in ta gasu, iska mai ɗumi takan tashi sama da tururin ruwa, kuma duk kilomita ɗaya da ta hau, sanyi yana ƙaruwa da wajen digiri 6. Hadarin nan da ke haɗowa daga gabas kansa yakan wuce kilomita 12, can kuwa sanyin ya fi na firiza nesa ba kusa ba. Iskar da ke hawa tana riƙe ɗigon ruwa har ya daskare, wani ruwan ya manne masa, shi ma ya daskare, sai ya yi mata nauyi ta sake shi. In ƙanƙara ta sake zubowa, fasa guda ka duba: ɓawo kan ɓawo, kamar albasar Galmi. Yawancinta kan narke a hanya, shi ne manyan ɗigon nan masu sanyi.

Walƙiya ma daga nan take. Gogayyar ƙanƙara cikin hadari tana tara lantarki, in ya yi tsalle sai ya zafafa iska zuwa wajen digiri 30,000, ta buɗe farat ɗaya. Ƙarar ita ce tsawa. Gatarin aradu da kakata take faɗa, Allah ya jiƙanta, babu shi.

In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa: kowace 3 kilomita ɗaya ce. Kada dai ka fake gindin gawo kana ƙirgar.