Game da farantin tangaran mai kifi biyu

Malam, ka tambaya ko koren farantin nan mai kifaye biyu a tsakiya tsohon kayan Sin ne. Siffar dai ta garin Longquan ce, a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, inda aka shahara da irin wannan tangaran a zamanin daular Song ta Kudu, 1127 zuwa 1279, har zuwa daular Yuan.

Koren ba fenti ba ne. Ɗan sinadarin ƙarfe ne a cikin ruwan gilashin da ake shafa wa yumɓun, sai a gasa a tanderun da aka rage masa iska, ya fito da launin nan mai sanyi. Kifayen kuwa daban ake fitar da su a manna kafin a shafa, kuma a wurin mutanen Sin alama ce ta zaman aure lafiya da yawan zuri'a. A bayan farantin galibi akwai sassaƙen furen bado.

Kife shi ka duba gindin. Inda shafen bai taɓa ba yakan yi ja-ja kamar jan bulo. Amma wannan kaɗai ba hujja ba ce, domin har yau ana yin irinsa a Longquan, masu jabu kuma sun ƙware. Don Allah kada ka goge shi da soson ƙarfe, ka kai wa masanin kayan tarihi ya riƙe da hannunsa.