Hukuncin cire maraina don maganin sankarar da ta danne laka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu na fama da sankarar furosteti (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), har ta kai ƙashin baya. Yau kwana 2 ke nan ƙafafunsa sun yi nauyi, fitsari ma ya fara riƙewa. Likitoci sun ce ta danne laka, za a yi masa gashi da na'urar ƙona sankara, a kuma cire maraina. Wani ya ce mana dandaƙa haramun ce. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Kwana biyun nan da ka ambata su ne suka sauya hukuncin. Laka in ta daɗe a danne ba kasafai take farfaɗowa ba, kuma wanda aka fara yi wa magani yana iya takawa shi ne galibi ke ci gaba da tafiya. Jinkiri a nan cutarwa ne, kada ku tsaya jiran taron dangi. Gashi, tiyata da deksametazon mai rage kumburi duk halal ne.

Mai cewa haramun ya riƙi hadisi ingantacce da ya hana dandaƙa, amma ya ɗora shi inda bai hau ba. Sahabban da aka hana, da lafiyarsu ƙalau suka nemi dandaƙa don su huta da sha'awa suna nesa da matansu. Wancan ɓata halitta ne da yanke zuriya babu lalura. Baba kuwa, maraina ne ke samar da sinadarin testosteron da sankarar ke girma da shi, cire su kan sauke shi cikin awanni. In mai cewa haramun ya ce ai su marainan lafiya suke, sai mu ce daga gare su abincin cutar ke fitowa. Shari'a ta yarda a ɗauki ƙaramar cuta don tunkuɗe babba, kuma shanyewar ƙafafu ba ƙarama ba ce.

Sai dai ku tambayi likita ko allurar degarelis, mai sauke sinadarin ba tare da tiyata ba, za ta wadatar. In za ta samu da wuri, ita ce farko, tunda ba a cire gaɓa. Kada ku zaɓa da kanku, don wasu alluran sukan fara ɗaga sinadarin kafin su sauke shi.

Izini na Baba ne matuƙar yana cikin hankalinsa, ba naku ba. Na san da nauyi ɗa ya yi wa uba wannan zance. A bar likita ko amininsa ya yi masa bayani, kada a ɓoye. Kada a kai shi wurin mai tausa ko ɗori, ya kwanta yadda aka umarta. Ya yi sallah a kwance, robar fitsari ba ta hana shi. Wallahu a'alam.