Me zai sa a toshe mazaunin sirotonin a ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun haɗa magunguna. Na ci karo da wani sinadari, WAY-100635, wai yana toshe wurin da sirotonin ke zama a ƙwaƙwalwa. To ba sirotonin ake ƙara wa masu ciwon damuwa ba? Shi kuma wannan maganin mene ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba magani ba ne, ba za ki same shi a kemis ba. Kayan aikin bincike ne da kamfanin Wyeth ya samar a shekarun 1990.

Sirotonin, sinadarin da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, yana da mazaunai kusan iri 14, an kasa su gida 7, kowanne da aikinsa. In aka zuba wa ɓera sirotonin ya canza hali, wane mazauni ne ya jawo? Wata hanyar ganewa ita ce a rufe ɗaya a ga abin da ya ragu. WAY-100635 yana rufe wanda ake kira 5-HT1A. Kamar karyayyen makulli ne a cikin kwaɗo: bai buɗe ba, ya kuma hana na gaskiya shiga.

Nan ne amsar tambayarki take. Ƙwayoyin da ke samar da sirotonin, waɗanda ke tattare a gindin ƙwaƙwalwa, su ma suna ɗauke da 5-HT1A a jikinsu. Da sirotonin ya yi yawa ya zauna a kansu, sai su rage fitar da shi. Saboda haka toshe wannan mazauni na iya ƙara sirotonin, ba rage shi ba. An ga haka a ɓeraye: in aka haɗa WAY-100635 da maganin damuwa irin su fluoxetine, sirotonin ya fi tashi. Wannan rage fitarwa da ƙwayoyin ke yi na cikin dalilan da ake zaton suna sa maganin damuwa ya ɗauki makonni kafin ya kama. Zato ne mai ƙarfi, amma ban yarda shi kaɗai ne dalili ba.

Mutane ma ana yi musu allurarsa, ɗan mitsitsi, bayan an maƙala masa kabon-11 mai fitar da hasken radiyeshon da ido ba ya gani, don na'urar PET ta ɗauki hoton inda mazaunan suke. Rabin ƙarfin kabon-11 yana tafiya cikin kusan minti 20, shi ya sa dole a haɗa shi kusa da ɗakin hoton, a yi sauri.

Sai dai ki lura da shekarar kowace takarda da kika karanta a kansa. A 2006 aka nuna cewa yana tayar da wani mazauni mai suna D4, na dofamin, wani sinadarin saƙo daban da sirotonin. Masu binciken da suka ba ɓera shi da yawa kafin nan, suka ɗora duk canjin da suka gani a kan sirotonin, wani sashen sakamakon nasu yana buƙatar a sake dubawa.