Me ake ce wa wanda ya iya lissafi sosai?

Ɗan'uwa, ka tambayi kalmar da ta dace da ɗanka da kake so ka yaba, wanda ke saurin haɗa kuɗi da ka. Ce masa gwanin lissafi. "Masanin lissafi" na wanda ya yi karatun fannin ne mai zurfi, irin malaman Jami'ar Damagaram. Gwani kuwa ko bai taɓa shiga lakwal ba, ya ci sunan.

Shiga kasuwar Dole ta Damagaram ran Alhamis ka tsaya wajen mai awon hatsi. Tiyar gero, a ce, dala 120. Ka ce a ba ka bakwai. Kafin ka zaro wayarka ya ce "jikka huɗu da dala arba'in", hannunsa bai bar awo ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, tunda dala ɗaya faran 5 ce: takarda na cewa 1000, baki na cewa dala 200, wato jikka ɗaya. Ƴan canjin da ke juya sefa zuwa naira ma haka suke.

Amma ka kula da "mai lissafi" kawai. Sau da yawa ana nufin mai tsari da hangen nesa ne, shi ya sa "ba shi da lissafi" zargi ne mai zafi, ba batun lambobi ba. Kalmar daga Larabci ta zo, asalinsu ɗaya da "hisabi", sai dai hisabi mun fi barinsa ga ranar alƙiyama da duban malamai, kada ka jingina wa yaron.