Likita Ya Amsa: Gwajin DNA a Binciken Laifi

Tambaya: Likita, ta yaya ake gane mai laifi daga ɗigon jini, kuma idan gwajin ya nuna mutum, shi ke nan laifi ya tabbata a kansa? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam tana ɗauke da DNA, wato sinadarin gado da ke bambanta mutum da waninsa, saboda haka jini, miyau, maniyyi ko saiwar gashi duk sun isa a yi gwaji da su. Masana ba sa karanta shi gaba ɗaya, wasu gurabe kawai suke dubawa waɗanda tsarinsu ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma tun 2017 gurabe 20 ake dubawa a Amurka. Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ne ya gano wannan hanya a 1984, kuma a binciken kisan kai na farko da aka yi da ita a Ingila, sai da ta fara wanke wani matashi da ya riga ya amsa laifi a hannun 'yan sanda, kafin aka kama ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, a 1987.

Sai dai gwajin yana faɗin mai jinin ne kawai, ba ya faɗin yadda jinin ya je wurin, ko yaushe. 'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mata da aka samu DNA ɗinta a wuraren laifi kusan 40, sai a 2009 aka gano ashe ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa audugar ɗaukar samfur. Shi ya sa a ganina alƙalin da ya dogara da takardar gwaji ita kaɗai ya yi gaggawa.

Tambaya: An yi mini ƙarin jini bayan haihuwa. Shin DNA ɗina ya canza? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Bai canza ba, Hajiya, domin jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne akasarin abin da ake ƙara wa mutum, ba su ɗauke da DNA irin wanda ake gwadawa; fararen ƙwayoyin ne ke ɗauke da shi. Dashen ɓargo ne ke sa jinin mutum ya nuna na wanda ya ba shi ɓargon.

Tambaya: Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, me iyaye za su yi don kada hujja ta ɓace? (Wata uwa daga Kano)

Amsa: Allah ya kiyaye. A kai ta asibiti nan take, kafin ta yi wanka, kuma kada a wanke tufafinta. A saka su a cikin takarda, domin leda tana riƙe laima ta lalata samfurin. Kada a wuce awa 72, saboda a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki yake aiki. Ko da an riga an yi wankan, a je.

Tambaya: Shin shari'ar Musulunci ta yarda da wannan gwaji? (Ɗalibi daga Sakkwato)

Amsa: Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, ta zauna a Makka a 2002, ta amince a yi aiki da shi a binciken laifuffukan da babu haddi ko ƙisasi a cikinsu, amma ta hana a kore nasabar ɗan da aka haifa a cikin aure da shi, ko a fifita shi a kan li'ani, wato rantsuwar tsinuwa da miji da mata ke yi idan ya zarge ta da zina.