Amsa: don mi ƙane ya girmi wansa a kashi na shida na fim ɗin kumbon sararin samaniya?

Malam, ka tambaya ko masu shirya fim ɗin sun yi kuskure ne da matuƙin kumbon ya dawo ya iske ƙanenshi da furfura shi ko yana nan saurayi. Wallahi mu ma a fadarmu nan Mokoyo gardamar da aka sha kenan har shayi ya huce, wani ma cewa ya yi rainin hankali ne ya daina kallo, ga shi kuran ya ɗauke ana tsakiya sai a waya muka ƙarasa.

Amma ba ƙarya suka yi ba. Tun 1905 masanin kimiyya Einstein ya nuna cewa in abu yana gudu kusa da gudun haske, wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, lokaci na tafiya mashi a hankali in an gwada da na wanda ke zaune gida, shi ya sa matuƙin kumbon bai tsufa kamar ƙanenshi ba. Ko agogon taurarin GPS sai an yi masu gyara saboda irin wannan, in ba haka ba taswirar wayarka ta ɓatar da kai.

Ni abin da ya ban haushi daban ne, ƙarar fashewar nan da suka sa a sararin samaniya, wurin da babu iska sauti ta ina zai bi?