Me ya sa injin wankin ƙodar Baba ba ya tsayawa?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce kwana biyu ke nan yana ICU, sashen kula da masu tsananin ciwo, injin bai tsaya ba, alhali wankin ƙoda da kika sani awa huɗu ne.

Wannan shi ake kira CRRT, wato wankin ƙoda da ba ya tsayawa. Wankin awa huɗu yana zuƙe ruwa da sauri, wanda jininsa ya riga ya faɗi kuwa ba zai jure ba. Shi ya sa ake bi a sannu, dare da rana, ta bututun da aka sa a jijiyar wuya ko ta matsematsi. Wani likita, Peter Kramer, ya fara shi a Jamus a 1977.

Jakunkunan ruwa masu ɗorawa-ɗorawa da kike gani rataye a ƙasan injin, dattin da aka tace ne. In injin ya yi ƙara kada gabanki ya faɗi, sau da yawa matatar ce jini ya fara daskarewa a ciki, dama akan canza ta cikin kwana uku. Baba zai riƙa jin sanyi ma, a rufa masa bargo.

Ki riƙa tambayar nas yawan fitsarinsa kullum. In yana ƙaruwa, ƙodar ta fara farfaɗowa ke nan.